Yadda Ake Zaɓar Ƙaramin Injin Esfireso Idan Kicin Ba Shi da Fili

Injin da nake magana a kai shi ne wanda kuke raba aiki da shi. Shi ne zai dafa ruwa ya tura shi da ƙarfi ta cikin garin kofi, abin da ya fito shi ake kira esfireso. Kai kuma naka shi ne niƙa, awo, dannawa, kunnawa da kashewa. Ya bambanta da wanda ake danna maɓalli ɗaya ya yi komai, ya kuma bambanta da mai sanda wanda ƙarfin hannunka ne ke tura ruwan. Na yi shekaru ina amfani da irin waɗannan injina a kicin da mutum biyu ba sa iya wucewa a lokaci ɗaya, na kuma taimaki mutane da yawa wajen zaɓar nasu. Abin da na lura da shi shi ne, mafi yawan waɗanda suka yi da-na-sani ba mummunan inji suka saya ba. Inji mai kyau suka saya, amma bai dace da wurinsu ko da yadda suke shan kofi da safe ba. Saboda haka za mu fara daga kanta, wato teburin kicin da za ka ɗora injin a kai, da kofin da kake sha, sai daga baya mu zo kan injin.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka fara

Tef ɗin awo mai santimita. Takarda da biro. Tsohon kwali da almakashi. Kofin da ka saba sha da shi kullum, shi kansa, ba wanda kake fatan saya ba. Sai ƙaramin sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, wanda za ka buƙace shi ko ma wane inji ka zaɓa. Idan kana da takardar gwajin ruwa, wadda ake tsomawa ta canza launi ta nuna taurin ruwa, ta yi amfani. Idan babu, leƙa cikin butar da kake dafa ruwa da ita: in ka ga farin ɓawo ya daskare a gindinta, ruwanka mai tauri ne, ka rubuta wannan a takardarka.

1. Auna wurin, ka auna har da iskar da ke samansa

Kowa na auna faɗi. Kaɗan ne ke auna tsawo da zurfi, kuma a nan ake faɗawa rami. Ka auna faɗin wurin da za ka ajiye injin, ka auna daga bango zuwa bakin kanta, sannan ka auna daga kanta zuwa gindin kabad ɗin da ke sama. A yawancin kicin wannan tazarar ba ta wuce santimita 45 zuwa 50 ba.

Dalilin auna sama shi ne tankin ruwa. Wasu injina ta sama ake zaro tankinsu, wasu ta baya, wasu ta gefe ko ta gaba. Idan injin na da tsawon santimita 35, tankinsa kuma sai an ɗago shi sama kafin ya fita, to a ƙarƙashin kabad dole ka riƙa jawo injin gaba ɗaya duk lokacin da za ka zuba ruwa. Na taɓa zama da irin wannan na kusan shekara guda. Jan inji mai nauyi da ruwa a cikinsa kowane kwana biyu yana cire wa mutum sha'awar abin, har ƙafafun robar suka bar zane a kan kanta.

Yanzu ɗauko kwalin nan, ka yanka shi daidai faɗi da zurfin injin da kake tunani, ka shimfiɗa a wurin. Ka bar tazarar kamar santimita 5 ta baya domin waya da zafi. Ka bar fili a gefen da bututun tururi mai kumfa madara yake, domin jug ɗin madara da gwiwar hannunka suna son wuri. Mariƙin kofi kuma, wato abin nan mai hannu da ke ɗauke da kwandon da ake zuba gari a ciki, yana fitowa gaba da kamar santimita 10 ko fiye, kuma sai an karkata shi hagu kafin ya shiga. Idan akwai bango daf da hagun injin, hannunka zai riƙa bugunsa.

Sai ka yanka kwali na biyu, na injin niƙa, da na uku kamar tafin hannu biyu, inda za ka riƙa danna gari. Wannan duka shi ne wurin da esfireso zai ci a kicin ɗinka, ba faɗin da aka rubuta a jikin kwalin inji ba.

2. Faɗa wa kanka gaskiya game da abin da kake sha

Kofi nawa a rana, kuma mutum nawa ne? Baƙi kake sha ko da madara? Da safe kana da minti 20 ko minti 5? Ka rubuta amsar yadda take a ranakun aiki, ba yadda take a ranar hutu ba. Wanda ke shan baƙin kofi ɗaya cikin natsuwa da wanda ke haɗa kofi uku masu madara kafin a fita, ba inji ɗaya ne ya dace da su ba.

3. Zaɓi yadda injin ke dafa ruwa

Nan ne babban rarrabuwar hanya, don haka zan ɗan daɗe a kai. Esfireso na son ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96. Tururin da ke kumfa madara kuwa yana son zafin da ya haura digiri 100 nesa ba kusa ba. Kowane inji yana da dabarar da yake bi ya samar da waɗannan zafi biyu.

Na farko shi ne wanda ba ya tara ruwa. Ruwa na ratsa siririn bututu a cikin ƙarfe mai zafi, ya yi zafi yana tafiya. Wannan shi ya sa ake iya ƙera injin da faɗinsa bai wuce tafin hannu da rabi ba. De'Longhi Dedica, alal misali, faɗinsa santimita 15 ne kacal. Breville Bambino, wanda ake sayarwa da sunan Sage a Ingila da ƙasashen Turai, yana kai zafin aiki cikin daƙiƙa 3. Ga mai sauri da safe, wannan alheri ne. Amma ka sani, ruwan ne ya yi zafi cikin daƙiƙa 3, mariƙi da kwando da kofin da za ka tara a ciki duk suna nan da sanyinsu. In ka zuba gari a mariƙi mai sanyi, zai shanye zafin ruwan, kofin ya fito da tsami. Maganin mai sauƙi ne: ka saka mariƙin babu gari, ka saki ruwa sau ɗaya ko biyu a cikin kofinka, ka zubar, ka goge kwandon ya bushe.

Na biyu shi ne mai tukunya ɗaya. Akwai 'yar tukunyar ƙarfe a ciki da ke riƙe ruwa da zafi. Gaggia Classic, wanda ya fito tun 1991, da Rancilio Silvia, wanda ya fito a 1997 da tukunyar tagulla mai ɗaukar mililita 300, su ne sanannu a wannan jeri. Faɗinsu ya kai santimita 23 ko kusa da haka, sun fi nauyi, kuma suna son minti 15 zuwa 20 kafin duk ƙarfen ya ɗauki zafi yadda ya kamata. Abin da kake samu a madadin jiran shi ne inji mai sauƙin gyara, wanda ake kwance shi da sukundireba, ake kuma samun kayansa bayan shekaru masu yawa. Tukunyar ɗaya ce ke yin kofi da tururi, don haka sai ka gama kofi, ka danna maɓallin tururi, ka jira ta ƙara zafi. Bayan ka gama da madara, dole ka saki ruwa ya sake cika tukunyar. Sabon shiga kan manta da wannan, kuma tukunyar da aka bari ruwanta ya ja baya tana iya ƙona ƙarfen da ke dafa ruwan.

Akwai masu tukunya biyu da masu musayar zafi, waɗanda ke yin kofi da tururi a lokaci guda. Suna da kyau, amma mafi yawansu sun fi ƙarfin ƙaramin kanta. Ban cika ba sabon shiga shawarar su ba.

Ra'ayina: idan madara kake sha kuma lokacinka ƙanƙane ne, ɗauki na farko. Idan baƙi kake sha, kana son abin da zai daɗe, kuma ba ka ƙin kunna inji kafin ka shiga wanka, ɗauki mai tukunya. Kowanne ka zaɓa, ka duba ko yana da abin da ake kira PID, wato ƙaramar na'urar da ke riƙe zafi a wuri ɗaya. Injin da ba shi da ita zafinsa na hawa da sauka da digiri da yawa. Ana iya koyon kama lokacin da ya dace ta hanyar lura da fitilar injin, amma aiki ne da za ka riƙa yi kullum.

4. Kada lambar matsi ta ruɗe ka

Za ka ga an rubuta bar 15, wani ma bar 20, da manyan haruffa; bar kuwa ma'aunin matsi ne. Wannan iyakar ƙarfin famfon ne kawai. Esfireso ana yin sa ne a wajen bar 9, kuma abin da ya wuce haka yakan huda garin ya buɗe wa ruwa hanya ɗaya, sai kofin ya fito da ɗaci da tsami a haɗe. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne ko injin na da bawul mai rage matsin da ya wuce kima, da kuma a kan nawa aka saita shi. Kusan duk ƙananan injina famfo mai rawar jiki suke amfani da shi, mai ƙara. In bangon kicin ɗinka yana haɗe da ɗakin barci, ka nemi jin ƙararsa kafin ka saya.

5. Riƙe mariƙin a hannunka, ka duba kwandonsa

Bakin mariƙi yana zuwa ne a girma uku da aka fi sani: milimita 51, 54 da 58. Dedica na amfani da 51, Bambino 54, Gaggia Classic da Silvia kuwa 58, wanda shi ne girman da injinan shagunan kofi ke amfani da shi. Amfanin 58 shi ne kwanduna da madannai da sauran kaya sun fi samuwa. Sauran biyun ma suna yin kofi mai daɗi, sai dai ka tabbata duk abin da za ka saya daga baya ya yi daidai da girman naka.

Abin da ya fi girman muhimmanci shi ne irin kwandon. Ka ɗaga shi ka duba gindinsa a haske. Idan ka ga ƙananan ramuka da yawa a ciki amma rami ɗaya tak a waje, wannan mai bango biyu ne. Shi ke riƙe matsi da kansa, ya fitar da kumfa ko da garin bai yi laushin da ya dace ba. Yana rufa wa mai koyo asiri, amma ɗanɗanonsa na da iyaka. Idan kuwa ramukan sun ratsa daga ciki har waje, wannan shi ne kwandon gaske, wanda garin kofin ne kansa ke tare ruwa. Injin da ya fi dacewa da mai farawa shi ne wanda ke karɓar duka biyun: ka fara da mai bango biyu, in hannunka ya faɗa ka koma ɗayan.

Ka kuma tambaya ko akwai bawul mai hanya uku, wanda ke sauke matsi da zarar ka kashe. Injin da ke da shi yana barin gari a dunƙule, ka buga sau ɗaya ya faɗo. Wanda ba shi da shi yakan bar ruwa a sama, kuma in ka yi gaggawar cire mariƙi zai iya fesa maka gari mai zafi. Ba dalilin ƙin inji ba ne, sai dai ka riƙa jiran daƙiƙa 20 ko 30 kafin ka kwance.

Yanzu kawo kofin nan naka. Auna tsawonsa, ka ƙara kaurin sikeli, ka kwatanta da tazarar da ke tsakanin ƙasan mariƙi, inda kofi ke zubowa, da farantin da ruwa ke ɗiga. A ƙananan injina da yawa wannan tazarar ƙanƙanuwa ce. Idan bai shiga ba, wasu injinan ana zare farantinsu a sami ƙarin wuri, ko ka tara a ƙaramin kofi ka juye.

6. Ware wa injin niƙa rabonsa

In akwai abu ɗaya da nake so ka ɗauka daga duk wannan bayani, to wannan ne. Mutum ya zuba duk abin da ya tanada a kan inji, ya dawo yana niƙa da na'ura mai wuƙa mai juyawa, wadda ke fitar da wani ɓangare kamar ƙura wani kamar tsakuwa. Ruwa mai matsin bar 9 zai bi ta tsakanin tsakuwar ya wuce cikin daƙiƙa 10. Ba laifin injin ba ne. Esfireso na son injin niƙa mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwaya daidai wa daida, wanda kuma ake iya matsa shi kaɗan-kaɗan. Matsakaicin inji da injin niƙa mai kyau ya fi babban inji da mummunar niƙa, ko yaushe. Ni nakan ce mutum ya raba abin da ya tanada kusan gida biyu.

Idan wuri ya yi ƙaranci, injin niƙa na hannu wanda aka ƙera domin esfireso yana shiga aljihun tebur, kuma niƙa giram 18 yakan ci kamar minti ɗaya. Ka dai tabbata an ce yana iya laushin esfireso, domin ba duka ba ne. Idan ba ka da halin sayen ko ɗaya yanzu, yi amfani da niƙaƙƙen gari da kwando mai bango biyu, ka riƙa saye kaɗan-kaɗan kana rufewa sosai. Akwai injina masu injin niƙa a jikinsu. Suna rage tarkace, amma sun fi faɗi da tsawo, ta sama ake zuba musu ƙwaya, kuma ranar da ɓangare ɗaya ya lalace duka biyun ne za su tafi wurin gyara.

7. Bututun tururi

Idan ba ka shan madara, tsallake nan. Idan kana sha, ka nemi bututun ƙarfe tsura mai juyawa ko'ina, mai tsawon da zai kai cikin jug. Wanda aka sa wa riga mai tsotso iska da kanta yana da sauƙi, amma manyan kumfa yake yi kamar na sabulu. Madara na son a tsaya a digiri 60 zuwa 65, wato daidai lokacin da gindin jug ya fara gagarar tafin hannu. Bambino Plus na kumfa madara da kansa, ya tsaya a zafin da ka zaɓa, abin da ke taimakon gidan da ba kowa ne zai zauna koyo ba.

8. Wuta da ruwa

Duba farantin bayanin da ke gindi ko bayan injin. Waɗannan injina na jan wat 1,000 zuwa 1,600. Suna son soket nasu na bango, ba siririyar wayar ƙari da suke rabawa da butar lantarki ba. Ka kula sosai idan daga wata ƙasa za a kawo maka: injin da aka yi domin Amurka na aiki da bolt 120, na Turai kuwa bolt 230. Canza bakin filogi ba ya canza wannan, kuma jona na 120 a wutar 230 ƙona shi ne nan take.

Ruwa mai tauri kuwa shi ke kashe injin esfireso a hankali. Farin ɓawon nan da ka gani a buta zai taru a siraran bututu ya toshe su, kuma injin da ba ya tara ruwa ya fi saurin jin jiki domin hanyoyinsa ƙanana ne. Idan ruwanka haka yake, zaɓi injin da tankinsa ke karɓar matacin ruwa, ko ka riƙa tacewa kafin ka zuba. Kada ka koma ruwan da aka cire masa ma'adinai gaba ɗaya, domin kofin zai yi lami, kuma ba ya yi wa ƙarfen ciki kyau. Wajen wanke ɓawon, yi amfani da maganin da masu ƙera injin suka ambata, musamman in tukunyar ta alminiyom ce.

9. Tambayi ranar lalacewa tun kafin ta zo

Robar da ke rufe bakin mariƙi tana taurare ta fara yoyo bayan shekara ɗaya ko biyu. Famfo ma yana gajiya. Kafin ka biya, ka bincika ko ana samun robar da famfon da tankin wannan samfurin daban, ko akwai mai gyara a inda kake, da kuma tsawon garanti da sharuɗansa. In na hannu za ka saya, kada ka yarda da hoto. A kunna shi a gabanka, ka ga ruwa na fita a baje ta duk ramukan kan injin, wato inda ake ɗaura mariƙi, ba ta gefe ɗaya ba, ka buɗe tururi na rabin minti ka ga bai mutu a hanya ba, sannan ka ɗaga injin ka duba ko akwai jiƙa ko tsatsa a ƙasansa.

10. Gwajin makon farko

Kada ka yar da kwalin tukuna. Wanke tanki, cika shi, ka saki kamar rabinsa ta kan injin da ta bututun tururi. Samo ƙwayar kofi mai ranar gashi a jikin leda, wadda ta yi mako ɗaya zuwa huɗu da gasawa. Auna giram 18 idan kwandonka na ɗaukar haka, ƙananan kwanduna kuwa giram 14 zuwa 16. Baje garin ya yi daidai, ka danna a miƙe har ka ji ya daina sauka. Ɗora kofi a kan sikeli, ka kunna, ka kashe idan nauyin abin da ya fito ya ninka na garin, wato giram 36 ga mai 18. Ana son hakan ya ɗauki daƙiƙa 25 zuwa 30.

In ya zubo da gudu kuma ya yi tsami, ƙara laushin niƙa. In yana ɗiga da ƙyar kuma ya yi ɗaci, sassauta. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, kana rubutawa, in ba haka ba ba za ka san abin da ya gyara ba. Ka sa ran zubar da kofi biyar ko shida kafin ka kama, wannan ba alamar injin ya samu matsala ba ce.

Abin da ke nuna matsala ta gaske daban yake: ruwa na tsiyaya ta gefen mariƙi duk da ka ɗaure shi da kyau kuma bakin kwando ba gari, ko ruwa na taruwa a ƙarƙashin injin, ko kofi na fitowa da ɗumi-ɗumi bayan ka ɗumama komai, ko famfo na ƙara babu ruwan da ke fita alhali tanki a cike yake kuma a zaune daram. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ɗauki hoton bidiyo, ka mayar da injin cikin kwalinsa da duk kayan da ya zo da su kafin kwanakin mayarwa su cika.